Ranar da Haladu Ya Goya Baba

Duk ranar da kuka cika mini falo kuna gardamar wane ne gwanin 'yan tsakiya, wannan na cewa nasa ya fi iya raba ƙwallo, wancan na cewa naka ai gudu kawai ya sani, ɗauka kuke yi tsohuwa gyangyaɗi take yi a kujera. Ina jin ku sarai. Gardamar nan tun ina 'yar shekara takwas nake jin ta, ina tsaye a gadon bayan kakanku, kuma waɗanda suka yi ta a lokacin sun fi ku iya baki nesa ba kusa ba. Amma ba ita ce ta sa na ɗauki biro ba. Akwai labarin da kuke bayarwa a gidan nan, wai shekarar rikici da muka baro Inugu ciwon baya ya kwantar da Baba, har sai da Kawunku Haladu ya goya shi zuwa tashar jirgi. Goyon kam an yi shi, da idona na gani. Sauran ne ke da gyara, kuma tunda duk waɗanda zan ji kunyarsu sun riga ni gidan gaskiya, bari in gyara muku kafin in bi su.

Baba, Malam Ɗanjuma, yana saurayi ya baro ƙasar Zazzau ya zo Inugu yin dako a kasuwar Ogbete. Buhunan wake da albasa ya yi ta ɗauka shekara da shekaru kafin Allah ya ba shi rumfarsa, to amma buhunan ba su rabu da shi kyauta ba, sun bar masa ciwo a ƙugu. Ƙato ne, idan ya shigo ɗaki sai ya sunkuya. Muna zaune a gidan haya a bayan kasuwa, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya da bishiyar mangwaro, Hausawa da Ibo duk famfo ɗaya muke tara bokiti. Ni kuma da ƙafa na zo duniya, ba da kai ba, kuma ungozomar da ta karɓe ni ta ce wa Inna ƙafar irinmu maganin ciwon baya ce. Kada ku tambaye ni ko gaskiya ne, ku 'yan boko. Abin da na sani shi ne tun da na yi wayo, kullum bayan la'asar sai Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ya kwanta rub da ciki, ya ce, "Asabe, zo ki hau aikinki." In riƙe taɓarya ina dogarawa, in yi ta taka shi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Har na zo na san bayan nan da tafin ƙafata fiye da yadda na san fuskarsa. Ranar da ciwon ya tashi da gaske, wani nama a hagun ƙugunsa yakan ɗaure ya yi tauri kamar tuwon da ya kwana, kuma da na taka wurin sai numfashinsa ya tsaya.

A daidai lokacin nan ne Baba Emeka yake dawowa daga aiki. Ibo ne, ma'aikacin haƙar kwal, ɗakinsa na kallon namu. Ya zauna a Kafanchan yana yaro, don haka Hausa a bakinsa take, sai dai in gardama ta yi zafi ya haɗa da buroka. Zai wanke baƙin kwal a famfo, ya jawo benci, ya karɓi goro a hannun Baba, shi ke nan an buɗe kotu. Duk Asabar tare suke zuwa kallon ƙwallo, ƙungiya ɗaya suke so, amma ba su taɓa dawowa da magana ɗaya ba. A zamanin ba a cewa ɗan tsakiya, haf ake cewa, kuma ƙungiyar tasu haf biyu ne suka raba musu kai. Na Baba Emeka wani dogo ne da ake kira Ekspres, da ƙwallo ta taɓa ƙafarsa ya narka ta gaba, ko akwai mai karɓa ko babu. Na Baba kuwa wani gajeren tela ne da 'yan kallo suka sa wa suna Kunkuru, don idan ya samu ƙwallo sai ya take ta ya tsaya yana waige-waige, ana ta yi masa ihu.

"Malam, wannan Kunkuru naka zai kashe ni," in ji Baba Emeka. "Ƙwallo yake bugawa ko ɗinki? Jiya na je na sayi gyaɗa na dawo, har yanzu tana ƙafarsa. Abeg, make una tell am say no be shop e dey."

"Kai ba ka san ƙwallo ba, Baba Emeka," Baba zai amsa, bakinsa a jikin tabarma. "Naka ai jefar da ita yake yi don kada a ce a wurinsa ta ɓace. Haf na ƙwarai ba ya sakin ƙwallo sai ya ɗaga kai ya ga 'yan'uwansa duk sun iso. Ko za a zage shi, ya riƙe. Asabe, sauka ƙasa kaɗan. Yauwa, nan."

Haka suke yi kullum ta Allah, ba wanda ya taɓa cewa ɗan'uwansa ya yi gaskiya. Abu ɗaya ne kaɗai suka taɓa haɗa baki a kai, shi ne 'ya'yansu sun lalace.

Yaya Haladu shi ne ɗan fari a gidanmu, ya girme ni da shekara bakwai. A Inugu aka haife shi, Ibo a bakinsa ko abokinsa Emeka, ɗan Baba Emeka, bai fi shi ba. To a shekarun nan sai wani kiɗa ya shigo gari, na jita mai jona wuta, wai shi rok. Samari suka haukace, aka tsuke wando, aka bar suma. Yaya da Emeka da wasu biyu suka haɗa ƙungiya suna kiɗa a otal-otal, har suka sauya masa suna wai Hari. Ranar da suka fara gwaji a bayan gidanmu, kajin Inna kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Ni dai ina son kiɗan, ba zan ɓoye muku ba, nakan laɓe a bayan tankin ruwa ina kaɗa ƙafa. Baba kuwa ya sa masa suna kiɗan gwangwani, ya ce duk sanda aka buga shi har cikin ƙugunsa yake jin sa.

A nan sai na tsaya na yi muku bayanin abin da ku ba ku tashi da shi ba, ku da kuke rungume 'ya'yanku a gaban surukai kuna ɗaukar hoto. A wurin su Baba, ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi ko da kuwa ciwo yake yi. Tunda nake ban taɓa jin kalmar Haladu ta fito daga bakin Baba ko na Inna ba. Inna takan ce "wancan", Baba kuma tun zuwan jita ya koma ce masa "mai gwangwani". Mu ƙanana mu ne 'yan lele, ni in taka shi, Garba autanmu ya hau wuyansa ya ja masa gemu. Yaya kuwa daga nesa yake durƙusawa ya gaishe shi, a amsa masa ana kallon wani wuri. Da daminar shekarar rikicin ƙungiyarsu ta samu aiki a wani otal a Anacha, ya zo sallama, abin da Baba ya ce kawai shi ne, "To, kunnuwanmu sun huta." Ya juya ya ce in ci gaba da takawa.

Daga nan gari ya fara lalacewa. Ba zan ba ku tarihin abin da ya faru ba, yana cikin littattafanku. Abin da ni na gani shi ne jiragen ƙasa sun fara isowa daga Arewa cike da Ibo, wasu da raunuka, wasu ba ko takalmi. A cikinsu har da ƙanwar Baba Emeka, ta iso da 'ya'ya biyu, ba miji. Kukan da aka yi a ɗakin da ke kallon namu har yau yana kunnena. Mutanen da muke tara bokiti tare suka daina haɗa ido da mu, mu ma muka daina fita. Aka rufe rumfunan Hausawa a Ogbete. Sai sanarwa ta zo cewa duk ɗan Arewa ya tattara, an tanadi jirage, 'yan sanda za su raka mutane tasha. Gidanmu ya kama ɗaurin kaya, Inna ta jera kwanonin aurenta cikin buhu tana sa tsumma a tsakaninsu. Ba wanda ya ce uffan a kan Yaya. Ba waya, ba wanda zai yarda ya bi hanyar Anacha, kuma mutum biyun da abin ya fi ci su ne waɗanda bakinsu ba zai iya furta sunansa ba.

Da safen da za mu bi jirgin farko, Baba ya sunkuya zai ɗaga akwati, sai ya saki ƙara ya zube. Ya ce bayan ne, ko zama ba ya iya yi. Maƙwabta Hausawa suka tsaya cirko-cirko, daga baya suka yi mana sallama suka wuce, don jirgi ba zai jira kowa ba. Inna ta shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki ta ce in hau. Na riƙe taɓarya na taka kafaɗa, na sauko tsakiya, na kai ƙafata hagun ƙugu inda ciwon yake zama. Wurin laushi tuɓus. Na sake dannawa da dunduniya, Baba ya yi nishi mai ƙarfi, amma sai bayan na ɗaga ƙafar. Tunda nake taka shi ban taɓa jin bayansa da lafiya irin ta ranar ba. Ya ɗan juyo da fuska ya kalle ni ta gefen ido, kallo ɗaya, ya mayar da kai. A take na gane ko wa ake jira.

Inna ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe mini hannu.

"Asabe, tsakaninki da Allah, yaya kika ji shi?"

"Ya ɗaure, Inna. Ban taɓa jin ya ɗaure haka ba."

Shekarata goma sha biyu, kuma wannan ce ƙarya ta farko da na yi wa mahaifiyata da sunan Allah a tsakani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki ajiyar zuciya, ta koma ta kwance ƙullin garin tuwo ta ɗora tukunya.

Jirgi na biyu ma ya tashi ba mu. A gidan gaba ɗaya mu kaɗai muka rage Hausawa. Kullum safe da yamma sai na hau bayan Baba, shi yana nishin ƙarya, ni ina cije leɓe ina cewa da saura. A kwana na uku da rana tsaka wasu samari da ba 'yan unguwa ba suka zo wucewa, wani ya nuna musu ƙofarmu, suka fara jifa. Garba, da shekararsa huɗu, ya leƙa taga don ya ga masu ihu. Dutse ya same shi a saman gira. Tabon nan da kuka san Kawu Garba da shi, wanda yake ce muku wai faɗuwa ya yi daga keke, to daga nan ne. Matar Baba Emeka ce ta fito da muciya ta kore su da ashar ɗin da ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Ina riƙe da kan Garba, jini na bin hannuna, ina kallon Baba a kwance. Ya yunƙura zai tashi, na ga damtsensa ya ɗaure, sannan ya koma ya kwanta yana hawaye ba sauti. Na ji haushinsa ranar, na ji haushin kaina fiye da nasa. Da na faɗi gaskiya tun ranar farko da Garba yana Zariya lafiya lau. Wannan nauyin ban sauke shi ba har yau.

Bayan la'asar sai ga Baba Emeka. Tun isowar ƙanwarsa bai tako ɗakinmu ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Ya rame, idanunsa jajur. Ya duba goshin Garba, ya jawo 'yar kujera ya zauna kusa da tabarma, ni ina sama da taɓaryata.

"Malam," ya ce, "jibi jirgin ƙarshe ne. Bayan shi ba ni da ƙarfin tare ƙofar nan."

"Na sani. Bayan ne ya ƙi."

Baba Emeka ya ɗaga kai ya kalle ni, ni kuma na kafa wa bango ido. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ko Kunkurunka ba ya riƙe ƙwallo haka, Malam. An kusa tashi wasa."

Baba ya amsa, bakinsa a jikin tabarma kamar kullum.

"Na ɗaga kai, Baba Emeka. Ba su gama isowa ba."

"Chineke," in ji Baba Emeka a hankali, wato ya Allah da yarensu. Ya miƙe ya karkaɗe wando. "Shekara goma ina gaya maka mutumin nan zai kashe ni. Bari in je Anacha in ga yarona, an ce ba ya cin abinci."

Washegari da sassafe ya bi motar kaya. Mutumin da aka kashe masa suruki a ƙasarmu, shi ya bi hanyar nan mai shingaye don ya ɗauko ɗan Bahaushe. Da hantsin ranar jirgi suka shigo su uku, shi da Emeka da Yaya. Yaya na sanye da tsukakken wando da gilas, sai ka rantse Ibo ne, kuma haka ya wuce duk shingayen. Daga baya ya gaya mini 'yan ƙungiyar sun roƙe shi ya zauna, sun ce ba wanda zai gane shi, kuma ya so zama. Baba Emeka magana ɗaya ya faɗa masa, cewa tsohonka ya kwanta ya ƙi tashi. Sai ya miƙa wa Emeka jitarsa ya biyo shi. Bai sake riƙe jita ba har ya bar duniya.

Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe da Baba. Baba ya amsa yana kallon rufin ɗaki, ya ce, "Mai gwangwani ne? Ashe ana tunawa da gida." Inna kuwa ta juya baya tana ta ɗaure ƙullin da yake a ɗaure.

To ga matsala. Mutumin da ya kwana biyar ba ya iya zama, ba zai miƙe tsaye don ɗan fari ya shigo ba, ai asiri ya tonu. An ce wannan jirgin ba a shiga da kaya sai abin da hannu zai riƙe, don haka kwanonin Inna a nan muka bar su, ta yi ta ambatonsu har tsufanta. Baba Emeka ya kawo kekensa ya ce a ɗora Malam a tura, Baba ya ce keke girgiza gare shi, bayan ba zai ɗauka ba. Ana cikin shawara sai Yaya ya cire gilas ya sa a aljihu, ya tsuguna a gaban tabarma ya ba da baya.

"Baba, hau."

Na zaci zai ƙi. Sai na ga ya miƙa hannayen nan nasa na dako ya sarƙe su a ƙirjin Yaya. Yaya siriri ne a lokacin, ƙafafunsa har rawa suke yi da ya miƙe. Haka muka fito, ɗan sanda ɗaya a gaba, Inna da Garba a goye, ni da ƙulli a ka, Baba Emeka da ɗansa suna gefe da gefe don kada wani ya matso. Daga Ogbete zuwa tasha ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta yi mini tsawo. Sau biyu Emeka ya ce a karɓe shi, Yaya ya girgiza kai. Mutane na tsaye a bakin hanya suna kallo, ba wanda ya ɗaga dutse. Ni da na san lafiyar ƙaton nan kalau, ina tafe na rasa dariya zan yi ko kuka.

A tasha ba a samu wata doguwar sallama ba, turereniya ake yi. Da aka cusa Baba ta ƙofa ya samu taga, sai ya leƙo ya ƙwalla wa abokinsa kira.

"Baba Emeka! Ka gaya wa Ekspres ɗinka ya riƙa ɗaga kai!"

"Go, Malam, go! Kai da Kunkuru duk ɗaya ne!"

Baba Emeka yana dariya yana share ido da hularsa. Ganinmu da shi na ƙarshe ke nan. Bayan an gama yaƙi Yaya ya koma Inugu ya neme su, ya tarar da baƙi a gidan, mangwaron ma an sare. Ba wanda ya san inda suka yi. Duk wanda ya karanta wannan a cikinku, ya san akwai wani Ibo mai haƙar kwal da ya sa kuke da Kawu Haladu. Baba kuwa da muka wuce Makurɗi sai ya ce girgizar jirgi ta warware masa bayan, ya tashi ya miƙe har da ba wata tsohuwa wurin zamansa. Bai sake zuwa kallon ƙwallo ba a Zariya, ya ce ba wanda ya san ta a garin.

Abin da ya rage shi ne ciwon bayan ya sauya gida. Tun daga ranar Yaya bai sake rabuwa da ƙugu ba, kun dai san shi da 'yar sandarsa da man zafi. Ni ce dai mai takawa, har na yi aure na yi nauyi, ya ce in ci gaba, ƙafar ce magani ba nauyin ba. Wata rana bayan rasuwar Baba da shekaru, ya zo gidana ya kwanta a tabarma, na dafa bango na hau. Na taka hagun ƙugunsa na ji ya ɗaure tamau, a daidai wurin na Baba. Sai zuciyata ta karye. Na sauko na zauna na gaya masa komai, cewa lafiyar Baba ƙalau ranar, cewa na sani na yi shiru, na bar shi ya ɗauki ƙato mai ƙafa biyu har ya nakasa kansa a banza. Na ce ya yafe mini.

Ya yi dariya har da tari.

"Asabe ke nan. Kina tsammani ban sani ba? Mai ciwon baya ne zai matse ni da gwiwa kamar ya hau doki, yana raɗa mini in bi hagu akwai rami?"

"To don me ba ka sauke shi ba? Emeka ma ya ce a karɓe ka."

Ya kama wasa da bakin tabarma.

"Ke kullum kina kan bayansa, Garba na kan wuyansa. Ni tunda aka haife ni, ranar ce kaɗai ya taɓa riƙe ni. Wallahi da tashar ta kai Anacha nisa, da na kai shi." Ya gyara kwanciya ya mayar da fuska jikin tabarma. "Hau ki ƙarasa aikinki. Sauka ƙasa kaɗan."